Me zan gani idan na yi kuskure? Tushen binciken kimiyya

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a jami'a, na zo kan aikin bincike. Matakan binciken kimiyya na haddace su tun ajin farko: lura, tambaya, hasashe, gwaji, nazarin sakamako, kammalawa. Na kai wa malamin da ke duba aikina take kamar haka: "Tabbatar da cewa takin ruwa yana ƙara girman shukar wake." Ya dawo mini da takardar, ya ce na gama binciken tun ban fara ba. Ban gane ba. Mene ne ainihin ƙa'idojin wannan hanya, kuma a ina na kauce?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminka ya yi maka gata, ko da yake na san ranar da ya miƙo maka takardar ba haka ka ji ba. Kalma ɗaya ce ta kayar da kai, wato "tabbatar". Wanda ya fito da niyyar tabbatar da abu ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, shaidu kawai ya fito nema, kuma mai neman shaida a kan abin da ya riga ya gaskata ba ya komawa gida hannu rabbana. Zai ga tukunyar da ta yi kyau ya ɗauki hotonta, wadda ta yi yaushi kuwa ya ce ai rana ce ta buge ta. Ba don shi maƙaryaci ne ba. Haka zuciyar ɗan Adam take, tawa da taka da ta manyan farfesoshi, kuma saboda wannan raunin aka gina hanyar binciken kimiyya gaba ɗayanta.

Matakan da ka haddace daidai ne, sai dai sun fi kama da tsarin rubuta rahoto bayan an gama aiki. A cikin aikin kansa mutum yakan yi gaba ya dawo baya, gwaji ya haifi sabuwar tambaya, hasashe ya mutu a hannunka ka koma lura. Na daɗe ina koyar da dabarun bincike, kuma abin da nake so ɗalibi ya fita da shi daga ajina tambayoyi biyu ne da zai riƙa yi wa kansa a kowane mataki. Ta farko: in hasashena kuskure ne, me zan gani? Ta biyu: wannan sakamakon, da me nake kwatanta shi? Ƙuri'a da ƙididdiga da maimaita gwaji duk daga waɗannan biyun suka tsiro.

Bari in nuna maka su a hannun mutumin da ya yi aiki da su a lokacin da rayuka ke salwanta a gaban idonsa.

A 1846 wani matashin likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, ya kama aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, babban birnin Ostiriya. Sashen ɓangare biyu ne. A na farko ake koyar da ɗaliban likitanci, a na biyu ake koyar da ungozomomi. Bisa ranaku ake karɓar masu naƙuda, ranar da mace ta zo ita ke nuna ɓangaren da za a kai ta. Amma zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe kusan mace 10 cikin kowace 100 a ɓangaren likitoci, a na ungozomomi kuwa bai kai 4 ba. Labari ya bazu a gari, har mata suna durƙusawa suna roƙon kada a kai su ɓangare na farko, wasu ma suka gwammace su haihu a kan titi. Abin mamaki, waɗanda suka haihu a titin ba su cika kamuwa da zazzaɓin ba.

Kowa da bayaninsa. Wasu suka ce gurɓatacciyar iska ce ta lulluɓe garin. Semmelweis ya ce ai ɓangarorin biyu asibiti ɗaya ne, iska ɗaya suke shaƙa, da ita ce da mutuwar ta zo daidai. Wasu suka ce cunkoso. Da ya duba, sai ya tarar ɓangaren ungozomomi ya fi cunkoso, tunda can mata ke rububin shiga. Aka ce firgici ne: limamin coci da ke zuwa wurin masu gargarar mutuwa yakan ratsa ɗakunan ɓangare na farko, ana kaɗa ƙararrawa a gabansa, duk mai jegon da ta ji ta san wata tana kan hanyar tafiya. Semmelweis bai tsaya musu da baki ba. Ya roƙi limamin ya sake hanya, ya kuma bar ƙararrawar. Mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura a ɓangaren ungozomomi mata a kwance ta gefe suke haihuwa, a nasu kuwa a rigingine. Ya sa aka koma ta gefe. Nan ma ba abin da ya canza.

Ka dubi abin da yake yi da kyau. Kowane zato sai ya matse shi ya ɗauki alkawari: in kai ne sanadi, to in na cire ka mutuwa za ta ragu. Sai ya cire, ya ƙirga. Zaton da bai cika alkawari ba ya ajiye shi gefe, ko daga bakin wa ya fito.

A watan Maris na 1847 abokinsa, Farfesa Jakob Kolletschka, ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi suna cikin feɗe gawa. Da Semmelweis ya ga rahoton binciken gawar abokin nasa, sai ya tarar da irin ɓarnar da ya saba gani a jikin matan da zazzaɓin ya kashe. Nan hasashe ya faɗo masa. Ɗaliban likitanci daga ɗakin gawa suke fitowa su wuce ɗakin haihuwa, sun wanke hannu da sabulu amma warin gawa bai bar yatsunsu ba. Ungozomomi kuwa ba ruwansu da feɗe gawa. Hasashen ya yi bayanin bambancin ɓangarorin biyu, ya kuma yi bayanin matan titi, waɗanda ba a cika sa musu hannu ba tunda sun riga sun haihu. Amma daɗin jin bayani bai ishe shi ba. A tsakiyar Mayu 1847 ya kafa doka, ba mai taɓa mace sai ya wanke hannu da ruwan kulorin har warin ya tafi. A Afrilu, kafin dokar, mutuwa ta haura 18 cikin 100. A Yuni ta sauko wajen 2, a Yuli ta kusa komawa 1.

Da adadin bai motsa ba, da hasashensa ya bi sahun ƙararrawar limami, kuma ya san da haka tun ranar da ya ajiye ruwan. Wannan kasadar ce ta sa aikinsa ya zama kimiyya. Akwai kuma abu biyu a ƙarshen labarinsa da nake so ka riƙe. Bayaninsa bai cika ba: shi ɓurɓushin ruɓaɓɓen nama ya zarga, ƙwayoyin cuta kuwa sai daga baya ayyukan masana Pasteur da Koch suka fito da su fili. Gwajinsa ya nuna wankin hannu yana aiki, bai nuna dalilin ba, kuma waɗannan tambayoyi ne daban-daban. Na biyu kuma yana ci mini rai duk lokacin da na tuna: bai wallafa cikakken aikinsa ba sai 1861, shekara 14 bayan gwajin, kuma da likitoci suka ƙi karɓa sai ya koma rubuta musu wasiƙun fushi. Mata da yawa sun mutu a wannan tsakanin. Binciken da ba a shimfiɗa shi a gaban wasu su duba ba, bai gama zama ilimi ba tukuna.

Ƙa'idar da Semmelweis ya bi a aikace, masanin falsafa Karl Popper ne ya fayyace ta a rubuce a 1934: magana ba ta shiga sahun kimiyya sai in akwai wani abu da, in aka gan shi, zai ƙaryata ta. Ɗauki aikinka. In ka ce "takin yana taimaka wa shuka ta wata fuska," ba ka faɗi komai ba, domin ko shukar ta yi tsawo ko ta gajarce ko ta mutu, kana da hanyar zillewa. In kuwa ka ce "bayan kwana 30, waken da aka ba taki zai fi wanda ba a ba ba tsawo," ka miƙa wuyanka, ma'auni yana iya yanka ka. Akwai kuma rashin daidaito a nan da ya kamata ka gane. Ko sau dubu gwaji ya fito yadda ka yi hasashe, bai rufe ƙofar na dubu da ɗaya ba. Shi ya sa a rahoton kirki za ka ga an rubuta "sakamakon ya goyi bayan hasashen," ba za ka ga "an tabbatar" ba.

Sai dai kada ka ɗauka duk sanda gwaji ya saɓa wa nazariyya nan take ake jefar da ita. Al'amarin ya fi haka wuya, kuma a nan hankalin mai bincike ke aiki. A ƙarni na 19 masu nazarin taurari sun ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafin Newton ya zana mata. Wani Bafaranshe, Le Verrier, bai ce Newton ya yi kuskure ba, ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta, ya lissafa inda za a same ta. A 23 ga Satumba 1846 aka juya madubin hangen nesa a birnin Balin na Jamus aka ga duniyar Neftun, dab da inda ya nuna. Daga baya ya ga ita ma duniyar Makyuri tana ɗan kaucewa, ya sake yin dabarar, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. An yi shekaru ana nema, babu ita. A wannan karon lissafin Newton ne ya kai iyakarsa, sai a 1915 nazariyyar Einstein ta warware kaucewar. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi. Abin da ya halatta ta a duka biyun shi ne ya faɗi inda za a duba. Kana da damar kare hasashenka da ƙarin bayani, muddin ƙarin bayanin shi ma ana iya gwada shi.

To mu koma kan tukwanenka, a nan tambaya ta biyu take.

Ka ce ka zuba taki a wake ya yi girma. Ai wake yana girma ko ba taki. Girman da ka gani ba shi da ma'ana sai ka ajiye shi kusa da girman waken da bai sami takin ba, wanda kuma ya yi daidai da na farko a komai da komai in ban da takin. Wannan rukunin kwatanci shi ne ƙashin bayan gwaji. Dabarar tsohuwa ce. Kusan shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira, ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu, hasken kowace fitila ya fito daban a bangon ciki. Sai ya rufe fitila ɗaya, hasken da ke daidai da ita kaɗai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Abu ɗaya ya taɓa, sauran ya bar su yadda suke, shi ya sa ya iya cewa ga abin da ya jawo ga abin.

A aikace ga yadda zan so in ga ka yi. Ka samo tukwane 40 iri ɗaya. Ƙasar ka zube ta wuri ɗaya ka gauraya sosai kafin ka cika su, irin kuma ya fito daga mazubi ɗaya. Ka rubuta wa tukwanen lamba 1 zuwa 40, ka rubuta lambobin a 'yan takardu, ka nannaɗe, ka zuba a kwano, ka girgiza, a zaro 20. Su ne masu taki. Kada ka zaɓa da ido, domin hannunka zai kai ga tsiron da ya fi ƙarfi ba tare da ka sani ba. Ƙuri'a ba ta da ɗan ɗaki, kuma tana raba har bambancin da kai ba ka san da shi ba tsakanin rukunan biyu. Wurin ajiya ma da ƙuri'a za ka raba shi. In masu taki suna bakin taga marasa taki suna lungu, hasken rana ka gwada. Ga kuma wani tarko da ɗalibai da yawa ke faɗawa: takinka na ruwa ne. In ka zuba wa rukuni ɗaya kofin taki ka bar ɗayan haka, rukunin farko ya sami ƙarin ruwa, ba za ka san ko takin ne ko ruwan ba. Duk sanda ka zuba kofin taki a nan, ka zuba kofin ruwa zalla a can.

Sannan me kake nufi da "girma"? Tsawon kara ne, ko yawan ganye, ko nauyin shukar bayan an busar da ita, ko yawan 'ya'ya? Taki yana iya sa shuka ta yi zaƙo-zaƙo da ganye ta kasa 'ya'ya. Ka zaɓi ɗaya tun yanzu, ka faɗi yadda za a auna shi har wani da bai san ka ba ya iya aunawa ya sami abin da ka samu: daga saman ƙasa zuwa kan toho, da santimita, a rana ta 30.

Kuma in da hali, kada mai aunawa ya san wace tukunya ce ta sami taki. Ka ba abokinka jerin lambobin ya riƙe, shi ya riƙa zubawa, kai ka auna. Wannan yakan yi wa ɗalibai kama da ɓata lokaci har sai sun tsuguna da rula a hannu. Karan wake ba ya tsayawa sak, yana da ɗan lanƙwasa, kan tohon ya faɗa tsakanin 14 da 15. In ka san mai taki ce, yatsanka zai ɗan miƙar da karan ka rubuta 15. In marar taki ce ka bar shi yadda yake ka rubuta 14. Ba ka yi niyyar ha'inci ba, amma ka yi haka sau 40, ga bambancin santimita ɗaya ya fito daga yatsanka. A gwajin magani shi ya sa ake ba rukunin kwatanci ƙwaya mai kama da maganin amma ba komai a cikinta, a ɓoye wa majinyaci da likita duka wa ya sami wanne. Gwajin maganin tarin fuka da aka wallafa a Ingila a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabon majinyatansa da lambobin ƙuri'a a cikin rufaffun ambulan, shi ake yawan ambata a matsayin mafarin raba majinyata da ƙuri'a a likitancin zamani.

Kana iya cewa, Malam, duk wannan wahalar a kan abin da hankali ya riga ya nuna? Taki abinci ne, dole shuka ta girma. Ga abin da ya sa ba na yarda da "dole" a bincike. A shekarun 1980 likitoci sun san cewa wanda ya tsira daga bugun zuciya, in bugawar zuciyarsa tana rikicewa, ya fi shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya. Akwai kuma magunguna da ke daidaita bugawar, ana ganin haka ƙarara a na'ura. Hankali ya ce dole su ceci rai, aka yi ta rubuta wa mutane su. Da aka yi gwajin da ake kira CAST a Amurka, aka raba majinyata da ƙuri'a, sai a 1989 aka dakatar da biyu daga cikin magungunan tun kafin wa'adi, domin masu shan su sun fi masu shan ƙwayar da ba komai a ciki mutuwa fiye da ninki biyu. Kowane likita a ɗakinsa yana ganin na'ura ta nuna sauƙi, in majinyaci ya rasu kuma a ce ai dama mai ciwon zuciya ne. Ba wanda zai iya ganin ɓarnar sai da aka ajiye rukuni kusa da rukuni.

Yanzu ka auna, masu taki sun fi da santimita biyu. Saura tambaya ɗaya: ba arashi ba ne? Ko ba ka zuba komai ba, in ka raba tukwane 40 gida biyu, da wuya matsakaicin tsawonsu ya zo daidai cif. Aikin ƙididdiga shi ne ta gaya maka sau nawa arashi kaɗai zai iya haifar da bambanci mai girman wanda ka gani. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya bayyana wannan a 1935 da misali mai sauƙi. Wata mata ta ce in ta ɗanɗana shayi tana gane ko madara aka fara zubawa a kofin ko shayin. Ya ce a haɗa kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, a jera mata da ƙuri'a. Hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas guda 70 ne, saboda haka mai cinta kawai damarsa ta cin duka ɗaya ce cikin 70. Da kofi biyu aka ba ta, rabin masu cinta za su ci. Ka ga dalilin da ya sa na ce tukwane 40 ban ce 4 ba. A 1747 James Lind ya gwada magunguna shida a kan matuƙan jirgin ruwa 12 masu ciwon nan da ke kumbura dasashi ya sa haƙora girgiɗi, mutum biyu-biyu, kuma biyun da aka ba lemo suka farfaɗo cikin kwana shida. Ya dace tasirin lemon babba ne ƙwarai. Da ƙarami ne, mutum biyu ba za su nuna shi ba.

Yawa kaɗai kuma ba ya wanke samfurin da aka ɗebo a karkace. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takardu ta samo su ne daga irin rajistar masu tarho da masu mota, waɗanda suka ga damar amsawa kuma ba su wakilci sauran jama'a ba.

Game da lambar nan 0.05, layin da ake auna arashi da shi, da za ka gani a rahotannin bincike da yawa, ka yi hattara. Ma'anarta ita ce: da takin ba ya yin komai, irin wannan bambanci ko fiye da shi zai fito ƙasa da sau ɗaya cikin 20. Ba ta ce hasashenka gaskiya ne kashi 95 cikin ɗari ba, ba ta kuma ce bambancin yana da girman da zai amfani manomi ba. Kuma in ka auna abu 20, tsawo da ganye da kauri da launi da sauransu, akwai kyakkyawar dama ɗaya ya tsallake wannan layi da arashi zalla. Sai ka ɗauki wannan ɗayan ka rubuta rahoto a kansa, ka yi shiru da 19. A ganina wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa a bincike a yau, ta fi ƙirƙirar alƙaluma yawa nesa ba kusa ba, domin mai yin ta yakan kwana da zuciya ɗaya yana ganin ya gano wani abu. Maganinta ka rubuta abin da za ka auna da yadda za ka yi lissafin tun kafin ka shuka iri.

Ba kowace tambaya ce ake iya yi wa gwaji ba. Ba za ka raba mutane da ƙuri'a ka ce rabi su sha taba shekara 30 ba. A irin wannan sai lura, kuma a nan ne ake yawan ɗaukar tafiya tare a matsayin sanadi. Yaran da ƙafarsu ta fi girma sun fi iya karatu, amma ba ƙafar ke karatun ba, shekaru ne ke ƙara duka biyun. Don gano illar taba, Richard Doll da Hill sun fara bin likitocin Birtaniya kusan dubu 40 a 1951, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Abin da ya ba hujjar ƙarfi haɗuwar abubuwa ne: bambancin kansar huhu tsakanin masu sha da marasa sha babba ne ƙwarai, yana ƙaruwa da yawan karan da mutum ke sha, yana raguwa ga wanda ya daina, shan ne ke gaba ciwon na biye, kuma wasu masu bincike a wasu ƙasashe sun sami abu ɗaya.

Wannan na ƙarshen shi ne alƙalin gaske. Kafin mujalla ta buga aiki takan ba masana fannin su duba, amma su takarda suke karantawa, ba su sake gwajin ba. A Satumba 2011 masu wani gwaji da ake kira OPERA suka sanar cewa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu suna niyutirino, da aka harbo daga cibiyar bincike ta CERN a Siwizalan zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na sakan, alhali a sanin kimiyya ba abin da ya fi haske gudu. Sun yi abin da ya dace, suka baje hanyoyinsu suka ce a taya su neman kuskure. A farkon 2012 aka gano wata wayar haske da ba ta ɗauru da kyau ba. A 2015 kuma wata tawagar masana ta sake gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da manyan mujallu suka riga suka buga, kusan 36 kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. Saboda haka babin hanyoyin bincike a kundinka, wanda ɗalibai ke rubutawa a gurguje, shi ne babin da na fi karantawa da natsuwa. Ka rubuta shi yadda baƙo zai iya maimaita aikinka ba tare da ya neme ka ba: irin waken, yawan takin, sau nawa, ƙarfe nawa. Ka riƙe littafi mai ɗinki, ka rubuta da biro, kowace rana da kwanan wata. Tukunyar da ta fashe ko tsiron da tsutsa ta cinye, ka rubuta, kada ya ɓace daga lissafi shiru.

Takenka kuwa gyaransa kaɗan ne: "Tasirin takin ruwa a kan tsawon shukar wake." A ƙarƙashinsa ka rubuta hasashenka da jimla ɗaya, sannan jimla ta biyu da ke cewa in bayan kwana 30 bambancin rukunan bai wuce abin da arashi ke iya kawowa ba, za ka ba da rahoton cewa ba ka sami shaidar tasiri ba. In hakan ta faru aikinka bai lalace ba, sakamako ne cikakke, kuma malamin kirki zai ba shi maki daidai da wanda ya sami bambanci, muddin tsarin ya yi kyau. Ka ƙara da yawan tukwane, yadda za a yi ƙuri'a, abin da za a auna, wa zai auna, da lissafin da za ka yi. Duka ba zai wuce shafi ɗaya ba. Ka sa masa kwanan wata, ka kai wa malaminka ya sa hannu kafin ka cika ko tukunya ɗaya da ƙasa.